Nomau da Tukunyar Dogara

A ƙauyenmu na Tungar Maje akwai wani gida a bakin hanya, gidan marigayi Malam Dogara direba. Mutum huɗu ne labarin nan ya shafa a cikinsa. Akwai Inna Hure, matar marigayin, wadda ƙafa ta fara ba ta wahala amma bakinta lafiya lau. Akwai babban ɗanta Arzika, mutum mai wayo, irin wayon nan da kafin ka gama magana ya ce ya sani. Sai ƙanensa Nomau, da matar Nomau, Tabawa, wadda Allah ya ba haƙurin mutum uku don ya san gidan da zai kai ta.

Shi Nomau ya ba shekara arba'in baya. Ga gemu, ga ƙarfi, ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka gaya masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin bishiya ka manta da shi, to gobe ka je ka ɗauko abinka. Mutane suna ce masa wawa. Ni da na yi shekara da shekaru katangarmu ɗaya, abin da na lura shi ne mutanen garinmu ba su iya ba da saƙo ba. Sai su faɗi rabi su riƙe rabi a cikinsu, in abu ya lalace su ce ai Nomau ne.

Abin da Malam Dogara ya bari, ban da gida da gona, wata tsohuwar mota ce mai dogon baya, wadda babu mai iya tuna launinta na asali. Ba a raba ta a gado ba, don mota ba ta rabuwa sai an sare ta. Nomau ke tuƙa ta. Tun yana saurayi uban ya koya masa, kuma tuƙi ne kaɗai abin da aka taɓa koya masa daki-daki ba a tsallake komai ba, shi ya sa ya iya. Ranar kasuwa yakan kwashi mutane da buhuna zuwa garin Marke, ya dawo da su kafin la'asar.

A shekarar da nake ba ku labari, motar ta ɗauki wani hali na zafi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya takan lallaɓa. Amma tsakaninmu da Marke akwai wani dogon tudu da ake kira Hawan Gawo, kuma da ta kai rabinsa sai ta fara ƙugi, tururi ya turnuƙe gabanta, fasinja su watse cikin gonaki. Nan da nan gari ya raɗa mata suna Tukunyar Dogara.

"Ƙarfe ne kawai," in ji Arzika. "In ba ta daina tafasar nan ba, 'yan gwangwan zan kira su sare ta."

Nomau kuwa ranar tuwo bai shiga ba. Kujerar direba har yanzu tana da lotsawar zaman ubansa, kuma a duk duniya nan ne kaɗai wurin da yake zama a ce ya iya wani abu. Yana tsoron ranar da za a sare motar nan fiye da yadda yake tsoron maciji.

Wata rana ya kai ta wurin Jatau bakanike, wanda garejinsa ke gindin tsamiya a bakin tasha. Jatau ya leƙa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ƙara mata ruwa, sannan ya nuna wa Nomau wani ɗan agogo a bayan sitiyari.

"Ka ga allurar nan? Ita ke faɗin zafin injin. In kana tafiya kada ka ɗauke idonka daga kanta."

"Ko kaɗan, Oga?"

"Ko kaɗan."

Nomau ya tayar da mota ya kafa wa allura ido. Hanyar gida tana da kwana a daidai kududdufin da ake buga tubali. Hanya ta yi kwanarta, Nomau ya miƙe. Ya bi ta kan tubalin da aka shanya, ya ratsa dangar Mai-unguwa, ya fito ta ɗaya gefen da zana a kan rufi da wandon Mai-unguwa rataye a madubi, duk idonsa na kan allura. Sai da ruwa ya shigo ta ƙofa ya jiƙa masa gwiwa sannan motar ta mutu da kanta a tsakiyar kududdufi. Mutane suka taho a guje suna salati. Suka tarar da shi zaune, fuska cike da murna, ko waiwayo bai yi ba.

"A gaya wa Oga Jatau allura ta sauka," in ji shi. "Ta sauka ƙasa gaba ɗaya."

Shanun noma huɗu aka ɗaura kafin a fito da ita. Arzika ya yi kwana biyu yana gyaran dangar Mai-unguwa, kowane itace ya kafa sai ya ambaci 'yan gwangwan.

Wata rana, bayan kujeru sun bushe, Jatau ya sake shawara.

"Hanya za ka riƙa kallo, Nomau, ka ji? Allura kuma ka riƙa satar kallonta. Amma duk inda ta taɓa ja, a nan za ka kashe mota. Kada taya ta ƙara juyawa ko sau ɗaya sai injin ya huce."

Ranar kasuwar Marke, saboda lodi ya yi yawa, allurar ba ta ma jira Hawan Gawo ba. Ta taɓa ja a tsakiyar gadar rafinmu, gadar da mota ɗaya ke cika ta. Nomau ya taka birki ya kashe. A baya ga motar itace, ga amalanken shanu, ga jakuna da 'yan babur. A gaba ga garken Fulani zai tsallako. Kafin ka ce me, wuri ya rikice da hon da kukan shanu.

"Direba, taku goma ne fa ka sauka daga gada!"

"Oga ya ce taya ba za ta juya ba."

"To mu tura maka!"

"In kun tura ai za ta juya."

Da ya ga samari sun nannaɗe hannun riga, sai ya ja birkin hannu, ya fito ya kwanta a gaban taya. Aka yi lallashi, aka yi zagi, wani ma ya yi masa wa'azi. A banza. Can wani dattijo mai tumatir, wanda kayansa suka fara narkewa a rana, ya tsuguna kusa da kansa ya ce, "Ɗana, maimaita mini abin da aka ce maka, kalma da kalma." Nomau ya maimaita. Dattijon ya miƙe ya karkaɗe rigarsa.

"To ai ba a ce kada a ɗauke ta ba."

Ƙarti ashirin suka kewaye motar suka ɗaga ta, da buhunanta da komai, har da wata tsohuwa da ta ƙi saukowa. Nomau yana zagaya su a guje, yana taɓa tayoyin ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar babu wadda ta motsa. Da aka dire ta a tsallake, tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce tun da take shiga motar Dogara ba ta taɓa jin daɗin tafiya irin na yau ba, ko za a ƙarasa da ita haka.

Wata rana Jatau ya ji labari wai Nomau yana buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan da ke gaban injin, tun yana huci. Ya kira shi ya naɗe hannun riga ya nuna masa wani tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa.

"Ka ga wannan? Murfin lagireto ne. Na buɗe da zafi, ruwan ya yi tsalle. Kada ka sake taɓa murfin nan sai ka ji ta yi sanyi kamar ruwan randa."

Nomau ya koma gida ya ɗauki randar Inna Hure, ya ɗora ta a kujerar gaba, ya ɗaure da igiya, ya cika ta da ruwa. Da motar ta tafasa a Hawan Gawo, ya gangara da ita gefe, ya sauke randar ya kai ta inuwa, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu yadda Inna take yi. Sannan ya fara aiki. Ya taɓa randa, ya je ya taɓa lagireto, ya girgiza kai, ya dawo. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne, ko dutse ka taɓa sai ka janye hannu. Fasinja suka gaji suka kama hanya a ƙafa. Aka kwana, aka wuni, aka sake kwana. Duk wanda ya wuce sai ya gan shi tsakanin randa da mota, yana kai da kawowa kamar mai jinya biyu.

A rana ta uku Tabawa ta iso a bayan babur da ƙwaryar fura. A gida Inna ta kwana biyu tana shan ruwan bokiti, kuma babu wanda ya huta da bakinta.

"Maigida, me ake jira?"

"Ta yi sanyi kamar ruwan randa. Randar ce ke gaba har yanzu."

Tabawa ta daɗe da gane cewa gardama da Nomau ɓata yawu ne.  Ta kwance buhun, ta cire murfin randar, ta mirgina ta zuwa tsakiyar rana, ta koma inuwa ta zauna tana dama fura. Bayan azahar ta ce, "Taɓa mu ji." Ya tsoma hannu a randa, ya je ya dafa lagireto, ya tsaya yana nazari.

"Yanzu sun yi daidai," in ji shi, ya buɗe murfin ya zuba ruwa suka taho gida.

Wata rana, damina ta faɗi, Jatau ya hango ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin lagireto. Ya ce ƙila nan ne ciwon yake. Akwai wata dabara ta tsofaffin direbobi: a fasa ɗanyen ƙwai a zuba a ciki, in ruwan ya yi zafi ƙwan ya dahu ya toshe 'yar hudar.

"Duk sanda ka ga ɗigo, ka fasa ƙwai ɗaya ka zuba," in ji Jatau.

Lokacin zabin Tabawa sun fara ƙwai, ta tara ƙwarya guda za ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Nomau ya shimfiɗa tabarma a gaban mota, ya ajiye ƙwaryar a gefe, ya zuba ido. Ɗigo ya faɗo, ya tashi ya fasa ƙwai. Ya dawo ya zauna, wani ɗigon ya faɗo, ya sake tashi. Kafin hantsi ƙwarya ta ƙare, ɗigo bai ƙare ba. Ya shiga maƙwabta. Ni ma na ba shi bakwai, don ya ce Oga Jatau ne ya ce, na ɗauka baƙi aka yi a gareji. Da lagireto ya cika har baki, ɗigo ya tsaya, Nomau ya yi hamdala ya rufe murfi ya tayar da mota.

Bai kai tasha ba ƙamshi ya cika gari. Karnukan unguwa uku suka biyo shi a layi. A daidai teburin mai shayi murfin ya yi tsalle, wani abu fari da rawaya ya kumburo ta ƙarƙashin bonet yana gangarowa ta kan fitilu. Mai shayin, mutum ne da ba ya son asara, ya miƙo burodi ya tara. Jatau ya wuni cur yana zaro dafaffen ƙwai daga cikin tiyo da waya, gumi na zuba, kuliyoyi na zaune suna jira.

"Kai Nomau, don girman Allah, ƙwai nawa ka sa?"

"Ɗigo nawa ta yi, Oga?"

Tabawa ba ta yi masa magana ba kwana huɗu, kuma ni ban ga laifinta ba.

Wata rana, bayan an wanke lagireto tas an liƙe hudar, aka gwada ta a Hawan Gawo, ta sake tafasa a daidai inda ta saba. Jatau ya koma kan fanka, wadda aikinta shi ne ta jawo iska ta cikin lagireto ruwan ya huce. Ya duba fiyus, ya duba waya, ya kunna. Fanka ta kama juyawa har da kuka.

"Fanka lafiyarta ƙalau," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Iska ce dai ba ta isar injin nan. A san yadda za a ƙara masa iska."

Nomau ya kwance bonet ya jingine a zaure. Ya tattara maficai da faya-fayan gidansu, ya ce duk wanda zai shiga mota ranar kasuwa sai ya yi fifita. Bai tsaya nan ba, ya je maƙera aron zugazugi. Maƙerin ya ce kayan aikinsa ba sa tafiya ba shi, don haka aka ɗaure masa kujera 'yar tsuguno a gaban gilashi, ya zauna ya saita bakin zugazugin a kan injin. Haka suka fita gari: mutum biyu a dama da faifai, biyu a hagu da mafici, maƙeri a tsakiya yana zuga, Nomau ya leƙo da kai ta taga don ya ga hanya. Tokar da ta shekara a cikin zugazugin ta fito ta bi fuskokin masu fifita, kowa ya koma fari fat sai idanu. Mata suka fito ƙofar gida suna dariya har da riƙe ciki. Saboda nauyin jama'a da tafiyar hawainiya, allura ta kai ja tun ba a wuce makarantar firamare ba.

Maƙerin ya sauko yana goge hannu, ko a jikinsa.

"Ni dama na yi mamaki," in ji shi. "Shekara talatin ina zuga, ban taɓa yi wa ƙarfe ya huce ba."

A nan haƙurin Arzika ya ƙare. Washegari ya zo da mai gwangwan, wani gajeren mutum da guduma a hannu da alli a bayan kunne. Mutumin ya zagaya motar yana bubbuga ta yana sauraro, sannan ya ja mata babban gicciye a ƙofa. Nomau yana tsaye yana kallo, kowane bugu sai ya runtse ido.

Inna Hure ta fito tana dogara sanda. Ba ta kiran sunan Arzika, don ɗan fari ne.

"Kai Babba, ƙanwarku Kande ta haihu a Marke, suna ranar Asabar. Motar ubanta ce za ta kai ni. Bayan nan ku yi abin da kuka ga dama."

"To Inna, na ji," in ji Arzika. "In ta haye Hawan Gawo ba ta tafasa ba, na bar ta har abada. In ta tafasa, a nan gefen hanya za a sare ta, mu ƙarasa a motar wannan bawan Allah."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Nomau ya je gareji. Bai zo da mota ba, shi kaɗai ya zo. Ya tsuguna a gaban Jatau.

"Oga, in aka sare ta, ni kuma me zan riƙa yi da safe?"

Jatau ya ji abin har cikin ransa, ga kunya, don dabararsa ta ƙare. Ya ce, "Nomau, na duba ruwa, na duba tiyo, na duba fanka. Abin da ya rage kawai ka kiyaye ta. Kada ka bari rana ta doki goshinta." Nufinsa, in an tsaya a ajiye ta a inuwa. Amma bai faɗi haka ba, kuma har yau in na tuna sai haushinsa ya kama ni.

Wata rana, wato ranar Asabar ɗin, aka mayar da bonet aka yi lodi da hantsi. Inna a gaba. Tabawa a baya da kwanukan tuwo da miya da ƙullin kayan jariri. Arzika a gefenta cikin farar babbar riga mai sitaci. Jatau ya biyo su a babur da jarkar ruwa, mai gwangwan kuma a bayansu cikin a-kori-kurarsa, guduma da zarto a kan kujera. Ni ma na ɗare bayan Jatau, don ba a ba ni labarin irin wannan.

Marke gabas take da mu. Da aka fita gari hanya ta miƙe, sai rana ta sauka a kan goshin motar sosai. Nomau ya taka birki. Ya dubi rana, ya dubi bonet. Ya juya motar a tsakiyar hanya, ya sa ribas, ya ɗora hannu a bayan kujerar Inna, ya waiwaya, ya kama hanyar Marke da baya.

"Kai! Me kake yi haka?" in ji Arzika.

"Oga ya ce kada rana ta doki goshinta, Yaya."

"Da baya za mu je suna? Ni da rigata? Tsaya in sauka!"

"Zauna, Babba," in ji Inna. "Sharaɗinka ta hau tudu. Ba ka ce ta wace fuska ba."

Yanzu fa gaban motar yana kallon gaban a-kori-kura. Inna ta samu abin yi: ta kafa wa mai gwangwan ido ta gilashi, ba ƙiftawa. Mutumin ya dubi gefe, ya gyara hula, ya dubi sama, daga ƙarshe ya rage gudu ya bar tazara mai yawa. Manoma suka ajiye fartanya suna kallo. Wani mai keke da muka wuce ya sauka ya juya kekensa, don ya ɗauka shi ne ya ɓata hanya.

Aka fara hawa. Injin yana wani kuka siriri irin na ribas. A rabin tudun akwai gawon da aka sa wa wurin sunansa, kuma ƙasar gindinsa ta yi ja da tsatsar ruwan da motar ta sha amayarwa. Da muka doshi wurin, sai Arzika ya daina faɗa. Tabawa ta rungume kwanon tuwo. Nomau ba shi da halin duba gaba, wuyansa a murɗe.

"Inna, me allura ta ce?"

"Tana tsakiya."

Aka wuce gawo.

"Yanzu fa, Inna?"

"Tana nan inda take, kamar an ɗaure ta."

Babu ƙugi, babu tururi. Tukunyar Dogara ta haye Hawan Gawo da baya har ƙoli, Nomau ya tsaya, injin yana aiki lafiya lau. Jatau ya diro daga babur tun bai gama tsayawa ba, saura kaɗan ya kayar da ni. Ya je gaban motar ya tsaya yana kallonta, ya rasa ta inda zai fara. Sai ya ji rigarsa tana kaɗawa, iska mai ɗumi tana bugun ƙafafunsa. Ya sunkuya ya ɗauki busasshen ganye ya saki a gaban lagireto. Maimakon fanka ta zuƙe ganyen ya manne, sai ta hura shi ya yi hanyar Tungar Maje.

Jatau ya dafe kai.

"Fankar nan waje take hurawa! In mota na tafiya gaba, iskar hanya na son shiga, ta fanka na son fita, su haɗu a lagireto babu mai wucewa. Yau da aka tafi da baya ba ta samu abokin gardama ba. Wa ya ɗaura fankar nan?"

 Nomau ya ce shi bai taɓa ta ba, ba a ce ya taɓa ba. Arzika yana kallon takalminsa.

"Bara tsohuwar ta ƙone," in ji shi a hankali. "Nomau yana gona. Na sayo wata na ɗaura. Na ga waya biyu ne kawai, ba sai an kira bakanike ba."

"Waya biyu ne, ka kuwa juya su," in ji Jatau. Sai kuma ya sassauta murya. "Ni ma wata nawa ina kallonta tana juyawa, ban taɓa tambayar ina ta nufa ba."

Ya sa aka kashe mota, ya cire wayoyin ya musanya su, aikin da bai kai shan kofin ruwa ba. Aka tayar. Ya sake sakin ganye, ganyen ya manne a jikin lagireto ya zauna.

Mai gwangwan ya iso yana tambaya ko a sauke zarto. Arzika ya je ya ba shi hannu ya ce ya yi haƙuri, babu ciniki, Allah ya kiyaye hanya. Sannan ya dawo wurin taga, ya kasa haɗa ido da ƙanensa.

"An gyara, Nomau. Juya ta mu tafi."

Nomau ya leƙa ya dubi sama.

"Rana ba ta juya ba tukuna, Yaya."

Jatau ya buɗe baki zai yi bayani, Arzika ya ɗaga masa hannu. Ya tattare farar rigarsa, ya buɗe ƙofar baya ta wurin kaya, ya shiga ya tsuguna a tsakanin kwanukan miya, fuskarsa a gilashin baya. Nomau ya sa ribas. Amma hawaye sun cika masa ido, bai kuwa ɓoye ba.

"Yaya, ba na ganin hanya."

"Na sani," in ji Arzika. "Kai dai riƙe sitiyari, ni ina gani. Dama kaɗan. Yauwa. Miƙe."

Haka suka gangara Marke da baya, babban yana faɗa ƙaramin yana bi, har ƙofar gidan suna.